Ina sauran RAM ɗina ya shiga?

Tambaya: Malam, na haɗa kwamfutar kwaikwayo da manhajar QEMU a kan Linux, nau'in injin da ake kira q35, na ba ta RAM giga 4. Da na buɗe /proc/iomem, fayil ɗin da ke nuna yadda aka raba adireshi, a cikinta sai na ga RAM ya tsaya a giga 2, bai sake bayyana ba sai daga giga 4 zuwa 6. Wannan giɓin asara ce? Ina kuma shirin miƙa mata katin hoto na gaske.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ko bayit ɗaya bai ɓata ba. Biyun ƙasa da biyun sama, huɗunka ne cif. Adireshi lamba ce kawai, kamar lambar fuloti a sabuwar unguwa: wani an gina gida a kai, wani an ware shi don makaranta. Giɓin da ka gani fulotan na'urori ne.

Furosesa na magana da katin intanet ko mai kula da faifai ta hanyar rubutu a wani adireshi, tamkar a RAM yake rubutawa. Shi ake kira MMIO. Da yake na'urori da yawa adireshi mai bit 32 kaɗai suka sani, iyakarsa kuwa giga 4, dole a bar musu wuri ƙasa da nan. Shi ya sa a q35, da zarar RAM ya kai giga 2.75, QEMU ke yanke shi a giga 2, ya ɗora ragowar sama da 4. A cikin giɓin akwai mega 256 na saitin PCIe (hanyar da katuna ke haɗuwa da injin), da IOAPIC (mai isar da kiran na'urori ga furosesa) a 0xFEC00000, sai manhajar kunna injin can ƙurya, dab da giga 4.

Babu ma'ajiya a bayan yawancin adireshin nan. Idan kwamfutar kwaikwayon ta taɓa ɗaya, sai furosesa ya dakata, KVM, wato ɓangaren Linux mai gudanar da ita, ya karɓi zancen, ya amsa da kansa ko ya miƙa wa QEMU ya amsa a madadin na'urar.

Maganar katin hoto ce ta fi damuna, don nan mutane ke kwana suna kallon baƙin allo. Kowace na'urar PCI tana faɗin girman filin da take so ta wasu ƙananan ma'ajiyoyinta da ake kira rajistocin BAR. Girman kullum ninkin biyu-biyu ne, 8, 16, 32, kuma dole filin ya fara a adireshin da girmansa ke rabawa daidai. Kati mai giga 24, idan an kunna Resizable BAR, saitin da ke buɗe duk ma'ajiyar katin lokaci ɗaya, giga 32 zai nema, ban da ƙananan filayensa. Tsofaffin OVMF kuwa, wato manhajar kunna kwamfutar kwaikwayon, giga 32 kacal suke warewa ga na'urori sama da giga 4. Babban ya cinye wurin, ƙananan ina za su zauna? Sai direba ya ƙi tashi, mutum ya yi ta zargin kati alhali lafiyarsa lau.

Kafin ka miƙa katin, duba girman filayensa da lspci -vv a uwar kwamfutar, wato ta gaske. Idan OVMF ɗinka tsoho ne, ƙara wannan a umarnin QEMU, ya faɗaɗa filin zuwa giga 64:

-fw_cfg name=opt/ovmf/X-PciMmio64Mb,string=65536

Sababbin OVMF suna auna filin da yawan bit ɗin adireshin furosesa, don haka sa -cpu host,host-phys-bits=on. In har allon ya ƙi haske, rubuta info mtree a na'urar umarnin QEMU, ka turo mini abin da ya fito mu duba tare.