McIntosh: kuɗin sauti zan biya ko kuɗin suna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina tara kuɗi don in sayi amfilifayar McIntosh, amma sabuwa ta fi ƙarfina, sai dai ta hannu. Wani abokina ya ce kuɗin suna da shuɗiyar fitilar gabanta kawai zan biya, wani kuma ya rantse ba ta da ta biyu. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba. Idan sauti kaɗai kake bi, bambancin bai kai yadda masoyanta ke kururutawa ba. A 1987 mujallar Stereo Review ta Amurka ta zaunar da masu sauraro, aka daidaita ƙarfin murya, aka ɓoye musu wace amfilifaya ke aiki. Akasarinsu sun kasa bambance mai araha da mai tsadar gaske. Har yau ana musu a kan gwajin, amma ni na ga lasifika da yanayin ɗaki sun fi amfilifaya sauya abin da kunne ke ji. In lasifikarka ta banza ce, McIntosh ba za ta rufa mata asiri ba.

Inda kuɗin yake shi ne ƙarko. An kafa kamfanin a 1949, kuma har yanzu a Binghamton ta jihar New York ake haɗa amfilifayoyinsa. Samfurin MC275 mai kwalabe (bututun gilashi masu ƙara ƙarfin sauti, na kafin zuwan taransisto), wat 75 kowane gefe, ta fito tun 1961, kuma akwai na wancan zamanin da ke aiki yau. Da yawa daga cikin masu taransisto suna da taransifoma a mafitar sauti, wadda ke ba da cikakken ƙarfi ko lasifikar om 2 ce, ko 4, ko 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta). Akwai kuma Power Guard, mai rage ƙarfi kafin sauti ya dagule ya ƙona maka ƙananan lasifiku. Taransifomar ce ta sa take da nauyi kamar buhun siminti, ƙarkon kuma shi ya sa farashinta ba ya faɗuwa warwas in ka tashi sayarwa. Fitilar kuwa, abokinka bai yi ƙarya ba, ado ce, kuma kai za ka biya.

Tunda ta hannu ce, kada sunan ya ruɗe ka. Kafasitoci, kayan da ke riƙe caji a cikinta, na bushewa bayan shekara ashirin zuwa talatin, ko wane kamfani ya yi su. Tambayi mai ita yaushe aka canza su. Ka sa a kunna ta, a bar ta ta yi zafi kamar awa ɗaya, sannan ka kashe kiɗa ka kara kunnenka a lasifika. In ka ji gurnani ko ƙyas-ƙyas, akwai aiki a gaba. Duba gilashin fuskarta da kyau, don canza shi na cin kuɗi. Karanta bayanta kuma: wadda aka yi wa kasuwar Amurka wuta mai bolt 120 take sha, in aka jona ta a mai bolt 230 sai hayaƙi.

In MC275 mai kwalabe ce, ware kuɗin sababbin kwalabe samfurin KT88 guda huɗu tun yanzu. In kuwa babu mai gyaran da ya san ta kusa da kai, ka haƙura, ka zuba kuɗin a lasifika.