Naman barewa a sana'ar dambu: akwai riba ko babu?

Wata mai sana'ar dambun nama da farfesu a Kaduna ta aiko da tambaya. Ta ce ta kwashi adashi naira dubu ɗari huɗu, kuma wani mafarauci ya yi mata tayin kawo mata barewa da gada duk mako. Abokan cinikinta biyu a Abuja sun ce za su biya ninki idan ta yi musu dambun naman daji. Ta kuma gani a intanet cewa a Turai naman irin waɗannan dabbobi ya fi na saniya tsada. Shin ta zuba kuɗin a nan?

Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Amsar a taƙaice ita ce kada ki zuba. Ga dalili, za mu bi ta kan sikeli tukuna kafin mu zo kan doka.

Abin da kika gani a intanet gaskiya ne, amma a duba inda naman yake fitowa. Da yawa daga naman barewar da ake ci a gidajen abinci na Jamus daga Niyu Zilan ake kai shi, kuma can kiwonta ake yi a cikin shinge tun wajen 1970, kamar yadda ake kiwon tumaki. Ana yanka ta a mayanka, likitan dabbobi ya duba, a sa a sanyi, a buga mata hatimi. A Afirka ta Kudu ma busasshen namansu da suke kira biltong, ɗan'uwan kilishi, ana yin sa da naman saniya da kuma na manyan dabbobin dawa irin su kudu, amma daga gandun da mutum ya mallaka ya killace, da lasisinsa. Mai gidan abinci a can ya san kilo nawa zai samu ranar Litinin, ya san farashi, ya san wanda zai kama idan naman ya zo da matsala. Ke kuwa mafarauci ɗaya gare ki. Makon da bai samo ba, ko damina ta rufe daji, kin riga kin karɓi kuɗin mutane babu kaya.

Yanzu lissafi. Farashin da zan sa misali ne kawai, ki cire ki sa na kasuwarki na yau. Mu ƙaddara tsokar saniya zalla, marar ƙashi, kilo ɗaya naira 7,000. Kilo goma 70,000 ke nan. Kin yanke jijiya da kitse, kin tafasa, kin daka, kin soya har ya bushe. Nama ɗanye kusan kashi uku cikin huɗu nasa ruwa ne, shi ya sa yake zabgewa haka. A ce kin tashi da dambu kilo huɗu da rabi. Man gyaɗa, albasa, citta, kanumfari, masoro, barkono, gas, robobi, takardar suna da ladan mai daka, a ce 20,000. Jimla 90,000. Kowane kilo na dambu ya tsaya miki 20,000, robar giram ɗari 2,000. Idan kina sayarwa 2,600, kina da 600 a kowace roba.

Ɗauki barewa mai nauyin kilo ashirin a raye. Bayan an feɗe an cire kayan ciki, kai da ƙafafu, kusan rabi ne ke saura. A cire ƙashi, ki samu kamar kilo bakwai. Wurin da harsashi ya shiga jini ya kwanta ya yi baƙi, dole a yanke a zubar, kilo guda ya tafi. Saura shida. Naman daji ba shi da kitse a cikin tsoka, saboda haka yana shan mai fiye da na saniya, kuma idan aka ɗan wuce da shi a wuta sai ya koma kamar zare, ya tsaya a maƙogwaro. A ce kin samu dambu kilo biyu da rabi. Idan mafaraucin ya ce 80,000, kayan haɗi 15,000, kilo ɗaya ya kama 38,000, robar giram ɗari 3,800. Ninkin da aka yi miki alkawari 5,200 ne. Ribar 1,400 a roba tana da daɗin ji, sai dai roba ashirin da biyar ce kacal, mutanen da suka nema kuma biyu ne. Abin da ya rage bayan sun ɗauki nasu wa zai saya a wannan kuɗi? Dabba ɗaya ta zo a lalace, ribar biyu ko uku ta tafi.

Lalacewar kuwa ba abin mamaki ba ce. Dabbar da aka harbe da daddare, ba a farke cikinta da wuri ba, aka ɗauro ta a babur cikin zafin rana, kafin ta iso ƙofarki naman da ke jikin ƙashi ya fara juyawa. Idan harsashi ya fasa tumbi ko hanji, ƙazanta ta watsu cikin nama, wanki ba ya fitar da warin. Wanda aka yi banda ya fi yaudara: waje baƙi ƙirin a bushe, ciki ɗanye. Bindigar toka tana barin ƙananan ƙwayoyin dalma a tsoka, ke kuma daka naman za ki yi a turmi, ki watsa dalmar cikin abincin da yara za su ci. Sannan akwai tambayar da kowane Musulmi mai saye zai yi miki: wa ya yanka? An ambaci sunan Allah lokacin harbi? An same ta da rai aka yanka, ko a tarko aka tsince ta a mace? Ba ki gani ba, ba ki da amsa. Gadu ma mai kofato ne, kuma alade ne; idan nama ya zo a yayyanke ba kai ba fata, ba kowa ke iya bambancewa ba.

Kasuwar naman daji kuma labari ɗaya ke kashe ta. A 2014, lokacin Ebola, masu sayar da shi a Nijeriya sun zauna ba ciniki. A 2023 da cutar saifa (anthrax), mai kama dabbobi da mutane, ta ɓulla a ƙasashe maƙwabta, daga baya aka tabbatar da ita a wata gona a Suleja, Ma'aikatar Noma ta Tarayya ta gargaɗi mutane su guji naman daji da ganda. Idan sunanki ya haɗu da naman daji, ranar da irin wannan sanarwa ta fito har dambun saniyarki za a ƙaurace wa.

Ga doka. Nijeriya tana da dokar kare namun daji masu fuskantar ƙarewa tun 1985, an yi mata gyara a 2016 aka ƙara tsananin tara, jihohi ma suna da nasu dokokin. Barewa tana cikin dabbobin da suka yi ƙaranci sosai a yankinmu. A Nijar, kare irinsu na cikin dalilan kafa gandun Termit da Tin Tumma a 2012. Wanda zai iya kawo miki duk mako ba fashi, ki tambayi kanki daga ina, domin in ba a cikin gandun gwamnati irin su Yankari ba, ba su da yawan da za a yi haka. Ke ce kuma za ki tallata a Instagram da sunanki da lambarki. Kayan da aka rufe a roba ana son su da rajistar NAFDAC, kuma ba za ki iya nuna musu tushen wannan naman ba.

Abin da mutanen Abujan nan suke nema shi ne wani abu daban da za su ajiye wa baƙo. Wannan kina iya ba su daga mayanka. Dambun rago da na akuya suna da ƙamshinsu, kuma ana biyan ƙari a kansu. Jar akuya ko taure mai kilo ashirin zuwa ashirin da biyar zai ba ki tsoka kusan daidai da barewa, amma kai da ƙafa da kayan ciki su shiga tukunyar farfesu, fata a sayar, sai kuɗin tsokar ya sauko. Ki guji bunsuru, warinsa ba ya fita ko an cika citta. Akwai kuma raƙumi, wanda ake yankawa a mayankar Kano, ana kawo shi ta kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari da Mai'aduwa. Kitsensa a tozo yake taruwa, tsokar ba ta da maiƙo, ta dace da dambu. Na tsohon raƙumi yana da tauri, yana cin gas wajen tafasa, ki nemi na matashi. Ki rubuta "raƙumi" ɓaro-ɓaro a jikin roba, don akwai waɗanda ba sa ci, kuma wanda ya gano daga baya ba zai dawo ba.

Kuɗin adashin ga yadda zan raba su. Sikeli na lantarki mai auna giram da injin liƙe leda su ne farko, ba su da tsada. Kamar kashi ɗaya cikin huɗu ki yi gwaji da shi: kilo uku na rago, uku na akuya, uku na raƙumi. Ki auna kowanne ɗanye, bayan gyara, bayan tafasa, bayan suya, ki rubuta a littafi tare da man da ya sha. Wannan littafin ne zai faɗa miki farashi, ba na maƙwabciya ba. Sabon kaya ki yi shi bisa oda, a biya rabi kafin ki je mayanka. Ki ajiye aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ba ki taɓa ba, domin gab da Babbar Salla rago yana tashi, bayan Salla kuma kowane gida da soyensa, ciniki yana yin sanyi na makonni.

Wajen suya, kada ki sauke sai ƙarar ruwa ta ɗauke a cikin mai. Ki baza shi a faranti ya huce sarai kafin ki rufe. Dambun da aka liƙe da ɗumi yana yin gumi a cikin roba, fumfuna ta fito kafin ya kai hannun mai saye. Kowace roba a rubuta mata ranar da aka soya.