Zazzaɓin jariri bayan allurar rigakafi

Tambaya: Na kai jaririna awo a Aboabo, Kumasi, aka yi masa allurar Penta, da dare jikinsa ya yi zafi, cinyarsa ta kumbura. Surukata ta ce allurar ce ta sa masa cuta, kada in koma. Ina gaskiyar lamarin?

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, ki kuma lallashi Hajiya, domin ƙaunar jikanta ce ta sa ta faɗi haka. Allurar Penta tana kare yaro daga cututtuka 5, ciki har da mashaƙo da ciwon hanta, kuma babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta, sai matattun ƙwayoyi da gutsattsarinsu. Idan suka shiga jiki, fararen ƙwayoyin jini sukan taru a wurin, abin da ke kawo kumburi da zazzaɓi ke nan, sannan su ƙera makaman da suka dace da kowace cuta, wasunsu kuma su daɗe suna riƙe da kamanninta domin su far mata ranar da ta gasken ta zo.

Allura ɗaya ba ta wadatar ba, shi ya sa a Ghana ake yin ta a mako na 6 da na 10 da na 14, kuma ina roƙonki kada ki tsallake ko ɗaya. Ki yawaita ba shi nono, ki rage masa tufafi. Amma idan zazzaɓin ya wuce kwana 2, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi jijjiga, ki garzaya da shi asibiti.