Kuɗin kwikwiyon Chihuahua, ya halatta in biya wa mahaifiyata Hajji da shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Amurka, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Wata tsohuwa da nake kula da ita ta rasu, sai 'ya'yanta suka bar min karyarta, irin ƙananan nan Chihuahua, ashe ciki gare ta, yanzu ta haifi uku. Tana da takardun AKC, wato ƙungiyar da ke rajistar asalin karnuka a Amurka, an ce min kowanne zai yi kuɗi sosai. Wani abokina ya ce Sahnun, babban malamin Malikiyya, ya halatta sayar da kare har ya ce zai yi Hajji da kuɗin, kuma karyar tana haushi in baƙo ya zo, kenan ta gadi ce. Burina in haɗa in biya wa Hajiyarmu kujerar Makka.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya saka maka da alheri kan wannan buri, amma ba da wannan kuɗin ba, ɗan uwa. Hanin cin kuɗin kare ka san shi, hadisin Abu Mas'ud ne a Bukhari da Muslim, ba sai na ja ba.

Inda zan tsaya shi ne maganar abokinka, don akwai gaskiya a ciki, sai dai ya ɗora ta inda ba wajenta ba. Eh an ruwaito haka daga Sahnun, kuma ko a Risala Ibn Abi Zaid ya ce an yi saɓani kan sayar da karen da aka yi izinin riƙewa. To ka lura da wannan ƙaidin, wanda aka yi IZINI. Karen farauta, karen da ke bin garke, karen gona, sannan malamai da yawa suka haɗa da gadin gida in akwai tsoro na gaske. Sahnun a kan irin wannan yake magana, kuma duk da haka mash'hurin mazhabar Malikiyya hani ne. Hanafiyya ma da suka buɗe ƙofa, hujjarsu ita ce amfanin da ake yi da kare na tsaro da farauta.

Yanzu zo mu duba kasuwar kanta, ita za ta raba mu. Chihuahua asalinsa Meziko ne, sunan wata jiha ce can, kuma shi ne mafi ƙanƙantar jinsin karnuka, wanda AKC ke yarda da shi a gasa bai wuce kilo 2.7 ba. A nan Amurka wajen masu kiwonsu za ka ji daga dala 500 zuwa 2,000, wani ya haura. Me ke ɗaga kuɗin? Takardar asali, musamman in iyaye sun taɓa cin gasa, da kai mai zagaye kamar tuffa, da launin da ba a cika samu ba, da kuma cewa uwar ba ta haihuwa da yawa kuma sau da yawa sai an yi mata tiyata. Amma babban abin shi ne ƙanƙanta, iya ƙanƙantarsa iya tsadarsa, har akwai wanda 'yan kasuwa ke kira teacup wai zai shiga kofin shayi. To ɗan uwa tsakaninka da Allah, mai neman karen gadi zai ƙara kuɗi don an rage masa girman kare? Wanda zai zo ya ƙirga maka dala dubu ba ɓarawo yake tsoro ba, so yake ya sa masa riga, ya jefa shi a jaka, dare ya yi su kwana gado ɗaya. Haushi kuwa ai ko agwagwa tana kuka in ta ga baƙo. Ciniki yana bin abin da aka biya kuɗin dominsa, a nan kuwa ado da wasa aka biya, wannan shi ne riƙon da hadisi ya ce ana rage wa mai shi ladan ƙiraɗi ɗaya (wani ma'auni ne na lada) kullum, a ruwayar Ibn Umar biyu. Kenan ko a ra'ayin Sahnun ɗin ba ka shiga ba.

Kuma kar wani ya koya maka dabarar nan ta cewa ba sayarwa kake ba, kuɗin sauya gida kake karɓa. In ka kai su likitan dabbobi an yi musu allurar rigakafi, ga rasit, wanda ya ɗauka ya mayar maka da daidai abin da ka kashe, ina fatan babu laifi. Dala ɗaya ta hau kan rasit kuwa, ciniki ne aka sauya wa suna.

Abin yi, ka bar su wajen uwarsu har su cika sati 8, ba a raba su kafin nan, kuma ka kula da cinsu don waɗannan 'yan mitsi-mitsin sukarin jininsu na faɗuwa da wuri in sun jima ba su ci ba. Amana ce a hannunka, kar ka ce tunda babu riba bari in watsar a titi, mace ta shiga wuta kan kyanwa. Daga nan ka fara tuntuɓar 'ya'yan marigayiyar ko za su karɓa, in ba haka ba ka miƙa su gidan kula da dabbobi har da uwar. Kafin lokacin ka ware musu wuri nesa da inda kake salla. Batun yawunsu kar ya zame maka waswasi, a wajen Malikiyya ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya sha dai a wanke sau bakwai.

Wani abin da ba ka tambaya ba: wuraren aiki irin naka da yawa suna hana karɓar kyauta mai tsada daga iyalan wanda ake kula da shi, kare mai takarda kuwa dukiya ce a idonsu. Ka duba yarjejeniyarka tun kafin maganar ta fito ta bakin wani.

Ita kuma Hajiya, Hajji bai hau kanta ba sai da iko, ba ta da zunubin jira. Ka buɗe mata asusu daban, duk wata ka jefa wani abu daga albashinka ko dala 100 ce, kuma ka faɗa mata ka fara don ta riƙa sa maka albarka.

Wallahu a'alam.