Turmi 12 ko 15: wanne ya fi dacewa da damben kambu?

Tambaya: Mahaifina kullum cewa yake yi damben boksin na yanzu wasan yara ne, wai a zamanin su Muhammad Ali sai an yi turmi 15 kafin a ɗauki kambun duniya, yanzu kuma 12 ne kacal. Me ya sa aka rage? A ganinka turmi nawa ya kamata a riƙa yi?

Amsa: Ka gaida Baba, ka ce masa maganarsa da ƙamshin gaskiya. Sai dai ni ina bayan turmi 12, kuma ga dalili.

Shi kansa 15 ɗin ragi ne. A 1915, karawar Jack Johnson da Jess Willard a birnin Havana turmi 45 aka tsara mata, sai dai Willard ya kayar da shi a na 26. Daga wajajen 1920 ne 15 ya fara zama abin da aka saba da shi a damben kambu, ya kuma zauna kusan shekara 60.

Abin da ya kawo ƙarshensa ya faru ne ranar 13 ga Nuwamba, 1982, a Las Vegas ta Amurka. Ray Mancini yana kare kambunsa na WBA, ɗaya daga cikin hukumomin damben boksin na duniya, abokin karawarsa kuma Duk Koo Kim ne daga Koriya ta Kudu. An sha gumurzu har turmi na 14, inda Mancini ya kai shi ƙasa. Kim ya suma jim kaɗan bayan an tsayar da wasan, jini ya taru a ƙwaƙwalwarsa, bayan 'yan kwanaki ya mutu. Jama'a da dama sun kalli wasan kai tsaye a talabijin, saboda haka ba yadda za a yi a rufe zancen. Cikin hukumomin damben na duniya, WBC ce ta fara komawa 12, WBA ta bi sahu a 1987, IBF kuma a 1988.

Hujjar masu ragin mai sauƙi ce. Ɗan damben da ya gaji hannunsa sauka yake yi, wuyansa ba ya iya tare ƙarfin naushi, ga ruwan jikinsa ya tsiyaye da gumi. Naushin da zai iya kaucewa a turmi na 3, a na 14 sai ya same shi a ka. Akwai kuma masu cewa gidajen talabijin ma sun ji daɗin sauyin. Yi lissafi da kanka: turmi minti 3 ne, hutu minti 1. Turmi 15 da hutunsa minti 59 ke nan, 12 kuwa minti 47, ya bar wa talla wuri a cikin awa guda.

To, ina gaskiyar Baba? Tana cikin waɗancan turmi uku da aka yanke, domin a nan ake gane wanda ya yi atisaye da gaske da wanda ya zo da fasaha kawai. A 1941 Billy Conn yana gaban Joe Louis a maki wurin alƙalai biyu bayan turmi 12, sai Louis ya kwantar da shi a na 13. Rocky Marciano ma yana baya a 1952 lokacin da ya zabga wa Jersey Joe Walcott naushin hannun dama da ya ba shi kambu, shi ma a turmi na 13. Sugar Ray Leonard, a 1981, idonsa a kumbure, Thomas Hearns na gaba wurin duk alƙalan uku, amma ya gama da shi a na 14. Da dokar yau aka bi, da sunayen da muke kira zakaru a waɗannan ranaku sun canza. Ga wata matsalar kuma: 12 yana rabuwa biyu daidai, kowa ya ci shida-shida a tashi canjaras, abin da ya fi wuya a 15.

Amma ka tambayi Baba yadda damben Ali da Joe Frazier na Manila ya ƙare a 1975. Bayan turmi na 14, mai horar da Frazier, Eddie Futch, shi ya hana yaronsa tashi, domin idanunsa sun kumbura ba ya ganin naushi. Mu 'yan kallo mun samu abin labari, su biyun kuwa da jikinsu suka biya. Minti 9 na ƙarin duka a ka, ga mutumin da ya riga ya galabaita, ban ga kambun da ya kai wannan tsada ba.

Kada kuma ka ɗauka ragin ya magance mutuwa. Leavander Johnson ya rasu a 2005 bayan an tsayar da wasansa a turmi na 11. Patrick Day ya rasu a 2019, kuma nasa wasan na turmi 10 ne. Abin da ke ceton rai shi ne alƙalin wasan da ya san lokacin shiga tsakani, da mai horarwa irin Futch, da likita a bakin fili, da motar asibiti a shirye, da hana 'yan dambe ƙona ruwan jikinsu don su kai nauyin da ake so a kan sikeli.

Me zai hana a sake ragewa zuwa 10? Ƙasa da 12, damben kambu ya zama ɗaya da manyan wasannin share fage, kuma mai saurin ƙafa zai iya tara maki da wuri ya yi ta zillewa har a kaɗa ƙararrawa. Minti 36 sun isa a gwada numfashi da dabara da juriya. Inda gardamar take da zafi a yanzu ma wajen mata ne, waɗanda aka saba ba su turmi 10 na minti 2. A Oktoban 2023 Amanda Serrano ta yi turmi 12 na minti 3 da Danila Ramos ta kuma yi nasara, WBC ta ƙi amincewa da tsarin, ita kuma ta ajiye musu kambunsu.