Me ya sa gangata ke fitar da sautin piyano a MuseScore?

Malam, ka ce ka rubuta kiɗan ganga a MuseScore, manhajar rubuta kiɗa, amma da ka kunna sai piyano ya amsa. Laifin na layin da ka zaɓa ne. Sauya alamar farkon layi kaɗai ba ta mai da shi na ganga. Koma wurin ƙara kayan kiɗa ka ɗauko Drumset, wato jerin ganguna, ka sake shigar da kiɗan.

A tsarin General MIDI, wato ƙa'idar da na'urorin kiɗa ke bi wajen zaɓar sauti, tasha ta 10 ce ta ganguna, kuma a can kowace lamba abin kiɗa guda ce: 36 babbar gangar ƙafa, 38 ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙasa, 42 farantan ƙarfe biyu a rufe. Ni dai nakan raba abin da ake kaɗawa da hannu da na ƙafa zuwa murya biyu a layi guda, ya fi sauƙin karantawa.