Me Ke Sa Jariri Mai Cutar Mitokondiriya Yawan Farkawa Cikin Dare?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana yana da wata 9, kuma likitocin yara sun tabbatar mana cewa yana da cutar mitokondiriya. 'Yan makonnin nan barcinsa ya lalace, yakan farka sau shida ko bakwai kafin asuba, wani lokaci da kuka, wani lokaci a jiƙe da gumi. Surukata ta ce ni na sabar masa, in ƙyale shi ya yi kukansa, wata maƙwabciya kuma ta ce in sayo masa sirof ɗin barci a kemis. Shin cutar ce ke jawo wannan, kuma me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ƙara miki juriya. Shawarwarin nan biyu babu wadda ta dace da ɗanki, ko da yake waɗanda suka ba ki su alheri suke nufi. A wurin yaro mai wannan larura, farkawar dare alama ce da ake bin sawunta har a gano tushenta, kuma yadda yake farkawa ya fi yawan farkawar muhimmanci.

Kowane jariri barcinsa zagaye-zagaye ne, kowane zagaye na kimanin minti 50 zuwa 60, kuma a ƙarshen kowanne yakan ɗan motsa, wasu su koma barci da kansu, wasu sai an ba su nono. Saboda haka farkawa sau ɗaya ko biyu a wata 9 ba abin tayar da hankali ba ne. Abin da ya bambanta ɗanki shi ne mitokondiriya, wato ƙananan sassan da ke cikin ƙwayoyin jiki masu sarrafa abinci da iskar da muke shaƙa su zama ƙarfi, ba sa aiki yadda ya kamata. Gaɓoɓin da suka fi cin ƙarfi su suka fi jin jiki: ƙwaƙwalwa, tsokoki, zuciya, hanta da hanji. Ana ƙiyasta cewa mutum 1 cikin kimanin 5,000 yana da wani nau'i na cutar, kuma nau'o'inta suna da yawa, shi ya sa abin da ke tayar da wani yaro ba lallai shi ke tayar da wani ba.

Numfashi nake fara dubawa, domin shi ne mafi haɗari kuma shi aka fi yi wa sakaci. Idan tsokokin yaro ba su da ƙwari, da zarar barci ya yi nauyi sai harshe da naman maƙogwaro su saki, su ƙuntata hanyar iska. Yaron ya yi ta fama, iskar da ke jininsa ta ragu, sai ƙwaƙwalwa ta tashe shi domin ya ja numfashi. Uwa za ta ji minshari, ta ga ƙirji yana lotsawa tsakanin haƙarƙari, ta tarar da matashi ko zani ya jiƙe da gumi, wani lokaci kuma yaron yakan lanƙwasa kansa baya yana neman iska. Akwai kuma nau'i na biyu da ba shi da ƙara ko kaɗan, wanda ke faruwa idan cutar ta taɓa gindin ƙwaƙwalwa, inda umarnin numfashi yake fitowa. A nan hanyar iska a buɗe take, umarnin ne ke yankewa, sai ƙirji ya tsaya cak na ɗan lokaci, sannan yaron ya zabura ya ja dogon numfashi ko ya riƙa ajiyar zuciya. An fi ganin haka a nau'in da ake kira cutar Leigh, wadda likitan Ingila Denis Leigh ya bayyana a 1951. Ɗan tsaiko na daƙiƙa 5 zuwa 10 yakan faru ga ƙananan jarirai lafiyayyu, amma tsaikon da ya kai daƙiƙa 20, ko wanda leɓe ya canza launi a cikinsa, ba na jira har gari ya waye ba ne. Tun da kin ambaci gumi, ina ganin ya dace a auna iskar jininsa dare guda yana barci, in da hali kuma a yi masa cikakken gwajin barci.

Na biyu shi ne farfaɗiya, wadda take yawan zuwa tare da wannan cuta, kuma a jarirai ba kullum take zuwa da jijjigar da kowa ya sani ba. Akwai wata iri da ke farawa galibi tsakanin wata 3 da wata 12, inda yaro zai dunƙule kwatsam, kai ya faɗo gaba, hannaye su watsu ko su rungumo, na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ya saki, ya sake, a jere sau da yawa, musamman daidai lokacin farkawa. Iyaye da dama sukan ɗauka ciwon ciki ne ko firgita, har a ɓata makonni, alhali saurin fara magani yana da tasiri ga ci gaban ƙwaƙwalwar yaro. Kafewar ido, taune-taune ba da abinci a baki ba, ko motsin gefe ɗaya na jiki duk sun cancanci gwajin EEG, wato awon wutar ƙwaƙwalwa.

Sai yunwa, kuma a nan ne shawarar surukarki take da illa. Lafiyayyen yaro mai wata 9 yana iya kwana a kan ajiyar da ke hantarsa da kitsen jikinsa. Yara da yawa masu cutar mitokondiriya ba sa jure dogon zama babu abinci, sukarin jininsu yakan sauka, jiki ya shiga cin kansa, tsami ya taru a jini. Yaron da ya farka a tsakiyar dare yana gumi, yana rawar jiki, ya kama nono da zafi-zafi sannan ya lafa, yana gaya miki cewa da gaske yake bukata. Idan kuma tsotsonsa ba shi da ƙarfi, yana gajiya kafin ya ƙoshi, to da rana ma bai samu abin da ya ishe shi ba. Ki nemi likitansa ya faɗa miki takamaiman awa nawa aka yarda ya yi ba tare da ci ba, kuma a auna sukarinsa a lokacin da ya saba farkawa. Wasu yaran sai an tsara musu ciyarwar dare, wasu ma ta robar da ake zurawa har cikin tumbi.

Ciki ma yana da nasa rabon, domin hanji tsoka ne. Idan motsinsa ya yi sanyi, abinci yakan daɗe a tumbi, tsamin ciki ya riƙa dawowa maƙogwaro da zarar an kwantar da yaro, sai ya farka yana banƙarewa, yana tari ko tumbiɗi. Taurin bayan gida da kumburin ciki su ma suna hana barci. Riƙe shi a tsaye na minti 20 zuwa 30 bayan shan nono yana taimakawa, amma kwanciya ta kasance rigingine a kan shimfiɗa mai ƙwari, ba rub da ciki ba, ba kuma a tokare shi da matasai ba. Tarin da ke zuwa duk lokacin shan nono yana iya nufin nono na bin hanyar iska, wannan kuma sai a duba haɗiyarsa.

Sauran dalilan zan taƙaita su. Wasu yaran tsokokinsu kan ƙage ko su murɗe da ciwo. Wasu jikinsu ba ya daidaita zafi, don haka daren bazara yana wahalar da su fiye da sauran yara. Raunin zuciya yakan bayyana da gumi da haki lokacin tsotso, shi ya sa ake yi wa waɗannan yara hoton zuciya lokaci-lokaci. Idan gani ya raunana, agogon jiki da ke rarrabe dare da rana yakan rikice. Wasu magungunan farfaɗiya suna sa ƙunci da rigima, kuma maganin kanitin (carnitine) da ake yawan rubuta wa masu cutar yana iya ɓata ciki, sai dai kada ki dakatar da komai da kanki. Kuma kada sunan cutar ya rufe mana ido, yaron nan yana iya fitar da haƙori, ko ciwon kunne, ko ƙarancin jini, ko zazzaɓin cizon sauro kamar kowane yaro. Bambancin kawai shi ne zazzaɓin da wani zai shanye a gida yana iya durƙusar da shi cikin sa'o'i.

Game da sirof, mafi yawan abin da ake kira maganin barcin yara yana iya danne numfashi. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta haramta ba wa yaro ɗan ƙasa da shekara 2 promethazine, wanda aka fi sani da Phenergan, saboda wannan dalili. Idan numfashi ne ke tayar da ɗanki, farkawar ce ke ceton sa, maganin kuwa zai kashe ta. Haka jiƙo da ba a san abin da ke cikinsa ba, haka zuma kafin shekara 1. Duk likitan da zai rubuta masa magani ya san da cutar tukuna, domin maganin farfaɗiya valproate yana iya lalata hantar masu wasu nau'o'inta, musamman masu tangarɗa a ƙwayar gado ta POLG.

Kafin ganin likita, ki yi mako ɗaya kina rubuta lokacin kowace farkawa, awa nawa tun shan nono na ƙarshe, da abin da ya lafar da shi. Ki ɗauki bidiyo da waya, ɗaya yana barci ƙirjinsa a buɗe, ɗaya kuma lokacin duk wani motsi da bai kwanta miki ba. Amma idan ya yi zazzaɓi, ko amai a kai a kai, ko ya ƙi nono sau biyu a jere, ko numfashinsa ya kai 50 a minti yana kwance shiru, ko jikinsa ya saki ya yi wuyar tashi, ko ya daina wani abu da ya riga ya iya kamar zama ko riƙe kai, ki tafi asibiti a daren da takardunsa a hannu, ki gaya wa masu karɓarsa cewa yaro ne da ba a bari ya daɗe babu abinci ko ƙarin ruwa mai sukari.